Akwatin Ƙarfen da Baba Ya Zaɓa

Ranar wata Laraba ce cikin daminar shekarar da nake aji huɗu na firamare. Na dawo daga makaranta da takalmana a hannu saboda taɓon lungunan Kpakungu, na tarar da Baba zaune a kan benci a gindin tagar shagon gidanmu, ƙaramin rediyonsa na kan tagar yana ba shi labaran rana. Inna tana feren doya a bakin madafa. Ban ko ajiye jakata ba aka kawo wuta, yaran unguwa suka ɗauki ihu kamar kullum, Yaya Nuhu, babban wanmu, ya ruga cikin shagon ya kunna kwamfutar da ya shigo da ita gidan a makon. Nan take muryar mai labarai ta ɓace, rediyon ya kama wani irin ƙugi da tsuwa kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Na ga Baba ya kai hannu ƙirjinsa ta hagu. Inna ta yar da wuƙar, ta miƙe da ihun da ban taɓa jin ta yi ba: "Nuhu, kashe! Kashe abin nan, za ka kashe ubanka!" Yaya ya fizge wayar daga bango, mai labarai ya dawo ya ci gaba da maganarsa, ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa.

Baba mai walda ne, jikan maƙeran da suka biyo layin dogo suka zauna a Minna. Rabin ƙyamaren ƙarfen lungunmu aikin hannunsa ne. A shekarar da ta gabata ya fara yanke jiki yana faɗuwa, aka ce zuciyarsa ce ke jinkirin bugawa. 'Yan uwa suka haɗa hannu aka kai shi wani asibiti mai nisa, ya dawo da ɗan tudu a ƙarƙashin fatar ƙirjinsa, wanda muke ce wa batirin zuciya. Likita ya ja masa kunne ya rabu da injin walda har abada, ya nisanci mayen ƙarfe da manyan injunan wuta, don suna iya rikita batirin. Zancen kwamfuta babu wanda ya tambaya, tunda a lokacin ko a mafarki ba mu da ita. Sai da aka rufe wurin walda, tukunya ta fara dogara da doyar da Kawu ke aiko mana daga Garatu, sannan Yaya, wanda ya koyi buga takardu, ya harhaɗo tsohuwar kwamfuta don ya riƙa yi wa ɗalibai aiki. Tsirara ta zo mana, ba akwati, wani koren allo ne da wayoyi da 'yar fanka a shimfiɗe kan katako.

Da hankali ya ɗan kwanta Yaya ya yi mana bayani. Ya ce duk abin da ke aiki da wuta yana fitar da wata iska wadda ido ba ya gani, ita rediyon ya jiyo, kuma da a ce kwamfutar tana cikin akwatin ƙarfe mai kauri, da iskar ba ta fito sosai ba. Shi a ganinsa lallashinmu yake yi. Ni kuwa ƙara ruɗa ni ya yi, don na saba da tsoron abin da ake gani, kunama ko karen maƙwabta, ga shi an ce akwai abin da ke ratsa bango ya nemi ƙirjin ubana ban san ta inda zan tare shi ba. Inna ta kafa doka: in Baba yana gida ba a kunnawa, in kuma dole ta sa an kunna ba ya wuce bakin rijiya. Haka mai gida ya koma baƙo a gidansa, yana zaga shagon da ya gina da hannunsa.

Kwanakin nan na daina zama yarinya. Da can ni ce uwar 'yar carafke a lungunmu, kuma ba a fara gaɗa sai na fito, amma sai ƙawayena su yi ta kirana daga zaure ina ce musu wanke-wanke nake yi. A makaranta malam yana rubutu a allo, ni ina danna wuyan hannuna ina sauraron nawa bugun. Ana tashi sai in zuba da gudu, in na kawo bakin lungu in tsaya in kasa kunne ko zan ji koke-koke daga gidanmu. Bayan azahar Baba kan kishingiɗa a tabarma a gindin mangwaro, ni kuma in ɗauko tsintsiya in yi ta share wuri ɗaya ina satar kallon rigarsa, sai na ga tana ɗagawa tana sauka sannan in matsa gaba. Na tsani kwamfutar nan tsana mai tsanani, har na riƙa addu'ar kada a kawo wuta.

Ina jin Baba ya lura, don wata Asabar da hantsi ya sa hularsa ya ce mu tashi mu je mu sayo wa abin nan riga. Ya sa Yaya ya ɓamɓaro mayen ƙarfe daga bayan tsohuwar lasifika don mu gwada akwatuna da shi, ni aka ba ni riƙonsa, na ƙulle shi a gefen hijabina ina bin su daga nesa, in Baba ya rage sauri ni ma in rage. Layin masu kayan wuta cike yake da ƙarar janareta, don haka Baba ya tsaya a tsallaken titi ƙarƙashin rumfar mai shayi, mu muka shiga. Mai wani shago ya ɗauko mana wani akwati mai sheƙi, gefensa roba ce garai-garai, ya ce da irin Hausarsa ta kasuwa: "Wannan ne kowa yana saya, yarinya ma yana so, ko ba haka ba?" Na manna mayen ƙarfen a jikin robar ya zame ya faɗi. Na girgiza kai, ko kallonsa ban ƙara yi ba.

Duk wanda mayen ƙarfen ya kama, sai Yaya ya ɗauka ya tsallaka da shi wurin Baba. Daga inda nake ina hango shi yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa yana kasa kunne, yana kama murfin da hannu biyu ya ga ko zai lanƙwashe, yana ɗaga shi sama ya duba ko haske na shiga ta mahaɗa. Wani akwatin Baba ya ce gwangwanin madara ne aka yi wa fenti. Wani kuma ya kushe shi ya ce ramukan shan iskarsa sun yi faɗi, akuya ma ta shiga. Yakan ce, "Ƙarfe ba ya ƙarya, buga shi ka ji." Rabona da in ga fuskarsa haka tun yana walda. Daga ƙarshe ya tsaya a kan wani mummuna mai launin toka, tsohon kayan ofis, mai nauyin tsiya, wanda murfinsa ke zama daram ƙarfe a kan ƙarfe. Mai acaɓan da ya ɗauko mana shi sai da ya yi mita har gida.

Washegari da la'asar, bayan an ɗauke ruwan sama, Yaya ya gama ɗaure komai a ciki, aka kuwa kawo wuta. Baba ya tsaya can bakin rijiya, aka ba ni rediyon na riƙe, Yaya ya kunna. Na fara takawa daga tsakar gida zuwa shagon, ina jiran ƙugin nan. Na zo taga, mai labarai yana magana tar. Na shiga ciki, yana magana. Sai da na kusa manna rediyon a jikin akwatin sannan na ji 'yar tsuwa can ƙasa-ƙasa. Yaya ya yi kabbara. Baba ya tako a hankali, Inna na biye da shi tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, ya tuɓe takalmansa a ƙofa, ya taka simintin da damina ta jiƙa, ya shigo. Ya tsaya, ya yi murmushi, ya kai tafinsa ya dafa akwatin.

"Wash!" ya ce, ya fizge hannun, ya yi baya ya faɗa kan benci. Inna ta saki salati ta durƙushe. Rediyon ya suɓuce mini, na ji ɗumi yana bin ƙafafuna, ban ma san fitsari ba ne sai daga baya. A raina na gama cewa shi ke nan, mun kashe shi, kuma da hannuna na taya zaɓen abin. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai na ji an kamo hannuna an ɗora a kan wuya mai ɗumi. Sunan mahaifiyar Baba gare ni, don haka ya ce, "Uwata, buɗe idonki. Ji nan, tana tafiya. Wuta ce ta ɗan ja ni, ba mu ba akwatin hanyar ƙasa ba." Na ji bugun a ƙarƙashin yatsuna, ɗaya bayan ɗaya, sai a lokacin kuka ya zo mini. Inna tana share hawaye ta ce, "An gudu ba a tsira ba ke nan." Kafin magariba Baba ya sa an kashe komai, ya kafa rodin ƙarfe a ƙasa a bayan tagar, aka zuba gawayi da gishiri da ruwa a gindinsa, aka ja waya daga akwatin zuwa can. Da ya koma asibiti ganin likita ya kai zancen, aka ce masa kwamfutar gida ba ta cika damun batirin ba, jan wutar nan ne abin gudu.

Yau tawa kwamfutar a jaka nake yawo da ita, ba ta kai farantin tuwo nauyi ba, 'ya'yana kuma barci suke yi da waya a kan ƙirji babu wanda gabansa ke faɗuwa. Baba ya rayu har ya ɗauki jikokinsa, ranar da zuciyar ta tsaya kuwa, a kan tabarmarsa ta tsaya, babu wata na'ura kusa da shi. Yanzu na san abubuwa da yawa da ban sani ba a lokacin, kuma ba na jin tsoron komai a gidanmu na Kpakungu in na je, amma da za a ba ni zaɓi da na koma cikin fargabar. Ashe mai uba a raye ne ke jin irin wannan tsoron.