Malamin da ya sa 'yar mahauci ta zama Faransa

Kafin a buɗe shagunan Ƙofar Dundaye, Malam Ɗayyabu Jafar ya riga ya gama sauraron labaran duniya, ya sha kununsa, ya fito bakin titi yana jiran keke napep. Yana da mota, amma ta fi sabawa da garejin makanike fiye da gidansa. A cikin keken ma ba ya barin direba ya huta. Sai ya tambaye shi me ya sa fetur ya yi tsada, daga nan ya ja shi har wani yaƙi da ake yi a wata nahiya. Sama da shekara talatin ke nan yana koyar da hulɗar ƙasa da ƙasa a ɗaya daga jami'o'in garin nan. Makon jiya ya yi ritaya, kuma da kunya nake wannan rubutu.

Duk wanda ya zauna ajinsa ya san hularsa. Ranar farko ta zango sai ya cire ta, ya zuba ƙananan takardu a ciki, kowace da sunan wata ƙasa, ɗalibai su sa hannu su ɗauka. Abin da ka ɗauka kai ke nan har ƙarshen zango. Za ka karanta tarihinta, ka san abin da take tsoro da abin da take kwaɗayi, ranar muhawara ka tashi ka yi magana da bakinta ko da ka tsane ta. Ba musanya, ba roƙo. Yakan ce musu, "Wanda bai san abin da abokin gaba ka so ba, da mi za shi zamna ciniki da shi?"

A shekarar da aka yi juyin mulki a Nijar aka rufe iyaka, motocin shanu da na albasa suka yi cirko-cirko a Illela, ran kowa a Sakkwato a ɓace yake, kuma sunan da aka fi la'anta shi ne Faransa. A wannan zangon wata ɗaliba, Fiddausi, 'yar wani mahauci a Runjin Sambo mai suna Mati, ta sa hannu a hula ta ɗauko Faransa. Ta yi aikinta yadda ya kamata. Ranar muhawara ta miƙe cikin hijabinta ta ce, "Mu Faransa ba mu da laifi," ta jero hujjoji. Wani ya ɗauke ta da waya, ya yanke gaba da baya, ya saki.

Kafin kwana biyu bidiyon ya zagaye gari. Babu wanda ya tambayi wane aji ne, wane darasi ne. Masu ilimi da marasa ilimi, tura shi muka yi ta yi, kowa yana ɗora nasa zagin a ƙasa. Mutane suka fara wuce teburin Mati suna sayen nama a gaba. Da abin ya ishe shi ya ce karatun Fiddausi ya ƙare, ba za ta sake taka jami'a ba. Saura mata shekara ɗaya.

Mati ne da bakinsa ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Da hantsi, lokacin da kasuwa ta fi cika, sai ga wani dattijo ya tsaya gaban teburinsa ya yi sallama.

"Kai na mahaihin Fiddausi?"

"Ni na. Lahiya?"

"Ni na malaminta. Ɗiyakka ba ta yi laihin komi ba. Ni nas sa ta."

Daga nan ya juya ga mutanen da suka fara taruwa, ya ce duk mai waya ya fito da ita. "Ku ɗauke ni kamar yadda anka ɗauke ta. Sunana Ɗayyabu Jahwar. Ni nab ba ta wanga aiki, da ta ƙi da ta hwaɗi jarrabawa. Wanda ad da zagi shi kawo mini Ƙohwar Dundaye, shi ƙyale ɗiyar mutane." Ya yi musu bayanin hula da takardu, amma wannan sashen bai shiga bidiyo ba. Abin da ya yaɗu shi ne "ni nas sa ta".

Zagin kuwa ya bi shi har gida. Fiddausi ta zama yarinyar da aka yaudara, abin tausayi, ciniki ya dawo teburin Mati, ya bar ta ta koma makaranta. Malam Ɗayyabu ya zama ɗan koren Turawa. Aka karɓe darasin daga hannunsa aka ba wani, wai har ƙura ta lafa. Mutanen da ya koyar da 'ya'yansu suka koyi duba waya idan sun hango shi. Da ya aurar da 'yarsa, abinci ya yi saura da yawa.

Malam, kai ne ka san halinmu fiye da yadda muka san kanmu. Ka san ba gaskiya muke nema ba a lokacin, wanda za mu zaga muke nema, sai ka miƙa mana kanka domin mu saki yarinya. Ba ka je rediyo ka wanke sunanka ba, ba ka nemi wanda ya yanke bidiyon ba, alhali yana cikin ajinka. Kai ne uban ɗiyan wasu. Mu da muka san yadda darasinka yake, tsofaffin ɗalibanka da ke ofisoshin Sama Road, da mu 'yan jarida, shiru muka yi. Ba ni da wata kalma mai daɗi da zan rufe wannan da ita.

Ranar bikin sallamarsa kujeru sun fi mutane yawa. Da aka tashi na bi shi waje na tambaye shi ko yana nadamar zuwa kasuwar nan. Sai ya ce, "Fiddausi ta gama?" Na ce ta gama, har tana bautar ƙasa. Ya ce, "To, alhamdulillahi," ya shiga neman keke.

Na gaya wa Mati wannan. Ya daɗe yana goge wuƙarsa kafin ya ce, "Na san hanyar gidanai. Ƙahwata ba ta zuwa. In na tai, da wace huska za ni dube shi?"

Mun gode, Malam Ɗayyabu. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar cin hutunka. Malaman da suka rage, ku yi koyi da shi, ku tsaya wa ɗalibanku ranar da gari ya juya musu baya. Mu kuma sauran, da ni da Mati da duk wanda bidiyon nan ya bi ta wayarsa, mutumin yana raye, kuma gidansa ba nisa. Mu tafi da fuskar da muke da ita.