Damin da Ke Ƙasan Rumbu

A ƙauyenmu da ke bayan Fassi, a ƙasar Kibiya, gidajen Kirista kaɗan ne, kuma namu ya fi kowanne hayaniya idan kaka ta yi. Da an gama cin tuwo, kakata Iya Lami takan jawo ragowar itacen murhu tsakar gida, ta zube mana gyaɗa a faifai mu ɓare, ita kuma ta miƙe ƙafafu wajen wuta. Lokacin ne aka fara maganar shari'a a Kano. Iyayenmu maza suna zaure kewaye da rediyo, suna magana ƙasa-ƙasa, mu kuwa babu ruwanmu. Har 'ya'yan maƙwabcinmu Malam Sani sukan ratso danga su zauna da mu, Iya tana tsokanar babbansu wai shi ne angonta, rowa ce ta hana shi kawo mata goro.

Ba ta buɗe tatsuniya irin na sauran tsofaffi. Cewa take ga baƙuwa a bakin ƙofa, mu amsa mu ce ta shigo a ba ta ruwa.

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta wani manomi mai tsoron Allah. A wajenmu, damin farko da aka ɗaure a gona na Ubangiji ne, ana kai shi coci ranar godiyar kaka. Shekarar nan gonarsa ta yi kyau ƙwarai. Ya ɗaure damin farko da zangarniya mafi cika, amma aiki ya yi masa yawa, ga hadari yana barazana, ga dawa zube a gona. Sai ya ce bari ya sa damin a rumbu don kada kaji su taɓa, in ya samu sarari ya kai. Ya zura shi ciki, washegari ya jibga wasu a kai, haka har rumbu ya cika. Ranar godiya ta zo, dami yana can ƙasa, ba a isa gare shi sai an kwashe komai. Ya ce to, in an ci an rage. Sai da damina ta sake faɗuwa ya kai ƙasan rumbu, ya tarar gara ta huda ta cinye, ya ɗago igiyar kawai.

A nan Iya takan tsaya ta gyara itace. "Ku lura fa, 'ya'yan nan, bai hana Allah ba. Ajiye masa ya yi, a wuri mai kyau ma."

Na tambaye ta ko Allah ya yi fushi da shi. Ta ce tatsuniyar ba ta kai can ba, kuma ta lura abin da nake kaiwa baki ya fi wanda nake zubawa a faifai.

Na girma na auri Yohanna, mai ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Muryarsa na fara so kafin fuskarsa. In ya ɗaga ta ranar Lahadi, ji nake kamar an buɗe taga a ƙirjina. Muka tare a Rano, kowace yamma bayan abinci yana jan waƙa ina amshi, sannan mu yi addu'a.

Da ya samu mota ya fara jigilar kayan gwari daga Kibiya zuwa Kano, murna muka yi. Koyon waƙa ya fara rasawa, saboda lodi. Daga baya addu'ar yamma, don yakan dawo a gajiye ya yi barci da takalmi a ƙafa. Sannan Lahadin kanta, domin tumatir ba ya jira. Bai taɓa yi mini tsawa ba in na yi magana, murmushi yake.

"Maman Iliya, bari a gama tumatir, kujerata a cikin mawaƙa tana nan."

Ana gama tumatir albasa ta shigo, bayanta hatsi. Fasto ya zo gida ya same shi kwance ƙarƙashin mota, suka rabu a kan sai mako mai zuwa. Ba mu rasa komai ba a gidan nan, atamfa ma har ta yi mini yawa.

Ciwon maƙogwaro ne ya zaunar da shi a ƙarshe. Wata safiyar Lahadi a asibiti a Kano, ya kama hannuna ya yi mini alama in ja waƙar da ya rera ranar aurenmu. Na ja. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito, kuma a baiti na biyu na ga leɓensa ya tsaya, kalmomin sun ɓace masa. Hawaye ya gangaro masa har kunne. Na sunkuya, ya ce mini a hankali, "Na ɗauka tana nan tana jirana."

Bai kai damina ba.

Yanzu na gane dalilin da Iya ta ƙi amsa mini. Hukunci ba nata ba ne, ba nawa ba ne, kuma na gaskata Ubangiji yana jin leɓen da ba ya fitar da sauti. Abin da ke cin raina daban ne. Ɗanmu Iliya ya san ƙarar motar ubansa tun daga bakin titi, amma bai taɓa jin waƙarsa ba. Duk lokacin da wata tsohuwa a coci ta dafa kansa ta ce ba a yi murya irin ta babansa ba a ƙasar Kibiya, sai ya juyo ya dube ni, yana so in gaya masa ko gaskiya ne.