Kwaɗon Bakin Rijiya

Har yau in na ji ƙaurin karan dawa a wuta, garinmu Dingaya nake tunawa, da kakata Inna Dije zaune kan 'yar kujerarta tana tura kara cikin murhu. Da an idar da sallar isha'i muke kewaye ta, mu jikokinta, kowa da gyaɗarsa a aljihu. Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Wadda ta zauna ita ce ta hutun da na dawo daga makarantar kwana a Birnin Kudu, ina aji huɗu, zuciyata na tafasa.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo, ana ta buɗe manyan makarantu. An fara shirya mu neman shiga jami'a, aka ɗora wa wani malami aikin raba takardun nema. Na ce masa likitan dabbobi nake son zama, domin a gabana ciwon huhu ya kwashe rabin garken babana. Ya dube ni a gaban 'yan aji ya ce, "Wannan gurbin ya cika tun bara. Irinku 'yan ruga, ku gode Allah da kuka iya rubuta sunanku." Da irin wannan maganar ya sallami abokina Sule, wanda duk ajin ba mai kama ƙafarsa a lissafi.

Ran da na iso gida na ƙi tuwo. Na gaya wa Inna abin da ya faru, na ce na gama da boko. Ba ta lallashe ni ba. Ta gyara wuta ta ce, "Ku matso, ga wata ta taho."

Wai an yi fari a daji, rijiya ɗaya ta rage, wani ƙaton kwaɗo ya tare bakinta. Duk dabbar da ta zo sai ya ce, "Ta ƙafe, ku yi gaba." Barewa ta juya, gada ta juya, wasu suka mutu a hanya. In an watse sai ya kira danginsa su sha su yi wanka. Rannan bushiya ta zo, ya maimaita mata. Ta ce, "To, na ji." Sai ta ɗauki tsakuwa ta jefa ciki. Tsulum! Ta bi ta gefensa ta sha ta ƙoshi.

Inna ta nuna ni da kara mai wuta a baki. "Kai, Haruna, ka jefa tsakuwa? Ko daga jin bakin kwaɗo ka kwaso ƙafa ka zo kana ƙin tuwona?"

Na ce, "To Inna, shi kwaɗon me aka yi masa?"

"Ba komai. Yana nan inda yake. Ta ƙare, ku tashi."

Wannan ya fi maganar malamin ƙona mini rai. Amma da aka koma makaranta na rubuta wa jami'ar wasiƙa da hannuna. Amsa ta zo: ba gurbin da ya cika, ba a ma buɗe ba. Sa hannun shugaban makaranta kawai ake bukata. Na so in nuna wa Sule, amma bai dawo daga hutu ba. Ya bi wani kawunsa aikin hanya, can kuma motar yashi ta danne masa ƙafa.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar yabon bushiya ce. Sai da na girma na gane barewa da gada Inna take yi wa takaici, su da aka kashe da magana ɗaya.

Bayan shekaru ina aiki a asibitin dabbobi, sai ga malamin nan ya shigo, ya tsufa, yana jan rago mai tari. Ya gane ni, ya washe baki ya ce wa mutanen da ke layi, "Ɗalibina ne, ni na sa shi a hanya."

Na yi wa ragon allura. Sannan na ce, "Malam, ka tuna Sule?"

Ya dube ni yana laluben sunan. Ya ce, "Wane Sule?"