Mai Akwatin Roba a Tashar Nyanya

Hajiya Sa'adiya tana zaune cikin motar haya a tashar Nyanya, tana kallon wata budurwa da ta toge a bakin ƙofa. Siririya ce, gyalenta ya zame, ta rungume akwatin roba a ƙirji kamar jinjiri.

Kwandasta ya miƙa hannu. "Kawo a sa a bayan mota, madam, sauri muke."

"Yi haƙuri, bawan Allah. Gilasan gwajin wutar sola ne. Sinadarin da aka shafa musu ya fi gashin kai siranta, kuma ba ya jure dannawa. In ya tsage, aikina na shekara ya tafi."

"To, gwal ne?"

Hajiya ba ta san wannan sinadari ba, amma ta san idon da ya daɗe bai ƙoshi da barci ba. Wataƙila ɗaliba ce. Wataƙila akwai wani oga mai motar sanyi da bai ga dacewar aiko mata direba ba. Abin haushi! Gari na kukan rashin wuta, mai neman maganin kuma tana rigima da kwandasta.

"Kai, sauke hannunka! 'Yata, shigo, miƙo jakarki in riƙe."

Mota ta tashi. Duk ramin da suka tunkara, sai budurwar ta ɗaga akwatin sama. Hajiya ta tallafe mata gwiwar hannu, ta dubi akwatin, ta yi dabara, ta ɗaga murya: "Direba, a hankali! Da mai ciki a motar nan!"

Nan take ya taka burki.