Amfilifayar da ban ji ƙararta ba tukuna

"Yaya, ƙaramar za mu ɗauka," in ji ƙanena Lawal, yana tsaye a shagon kayan sauti a Babbar Kasuwar Katsina, ni kuma ina nan Fatakwal riƙe da waya.

Na ce ina! Manyan sifikun da na aika gida Ƙofar Ƙaura ba za su tashi da ƙaramar amfilifaya ba. Shekaru nake haɗiye baƙin cikin aikin nan, burina kawai in dawo Katsina in zauna a falona in ji sauti yadda ya kamata.

Ya ce, "Ka san tun da siyasa ta dawo taro ba ya ƙarewa a unguwa. In aka ji kana da babba, yau kamfen, gobe walima, jibi suna. Kafin ka zo sun ƙone ta."

Raina ya ɓaci. Na ce duk wanda ya zo aro ya ce masa na hana.

Ya ce, "To in maƙwabcinmu Malam Sada ya aiko, mi zan ce mashi? Shi fa ya ɗauki Inna a motarshi zuwa asibiti, kana can."

Ni kuɗi nake turawa, maƙwabta ke tashi tsaye.

Na ce ya ɗauki babbar. Har yanzu haushi nake ji, don na san unguwa za ta riga ni jin ta.

Ku da ke nesa da gida, da wacce za ku zaɓa?