Kawu Daidai da Rabin Wata

Kawuna maƙerin zinariya ne, amma a gida Kawu Daidai muke ce masa. Babban lu'ulu'un da ke tsakiyar zobe bai taɓa burge shi ba. "Wannan ai ɗan gata ne," in ji shi, "kowa ma zai iya ɗora shi." Hankalinsa na kan ƙananan duwatsun nan biyu da ke zama dama da hagu: masu kusurwa uku, da sirara kamar guntun tsinken ashana, da masu siffar rabin wata. Dokarsa ɗaya ce, su zo iri ɗaya sak, ko zoben ya koma inda ya fito.

Ciwon har gida ya bi shi. Ka ajiye takalmi ɗaya gaba ɗaya baya a ƙofarsa, ka ga tashin hankali. Wanzami ya taɓa yi masa saje gefe ɗaya ya ɗan fi, har yau gaisuwarsu sama-sama ce.

A aljihun teburinsa akwai kwalin ashana, ciki da dutse mai siffar rabin wata guda ɗaya tal, daga zoben marigayiya matarsa. Ɗayan ya faɗi wajen wanki tun tana raye. Shekara da shekaru yana neman irinsa, duk wanda ya samo sai ya ɗaga da hantsaki, ya ƙura masa ido, ya ce, "Ya yi kusa, amma ba shi ba ne."

Rannan ina shagon sai ga 'yarsa Auta da saurayin da za ta aura, wani tela. Ita doguwa sambal, shi iyakarsa kafaɗarta. Kawu ya kalli sama, ya kalli ƙasa. Ni kuwa dariya ta kusa shaƙe ni.

Tela ya warware hankici. Dutse ne mai kusurwa uku, daga zoben mahaifiyarsa.

"Baba, zobena za ka haɗa min," in ji Auta. "Wannan a dama, na Mama a hagu."

"Kusurwa uku da rabin wata? A shagona? Ki nemi wani maƙerin."

"Ai wani maƙerin ba shi da na Mama. In ba kai ka yi ba, na haƙura da zobe."

Suka bar masa dutsen a kan tebur suka tafi. Kawu ya ɗaure fuska, ya daina amsa mana gaisuwa. Gaskiya na tsorata, don na san taurin kansa, na kuma san Auta ita ta gado shi.

Sai wata safiya ya aiko mu zo. Kwalin ashana na kan tebur, wayam. Ya kamo hannun Auta ya zura mata zoben, ya daɗe yana kallo.

"A karkace yake," ya ce.

"To, in cire ne, Baba?"

Ya riƙe yatsan gam. Ya ɗago ya dubi tela, ya share ido da bayan hannu.

"Bar shi. Uwarki ma ta fi ni tsawo."