Kwalekwalen Baba Ilu

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin jinya a Gumel, ban taɓa mantawa da zaman da Baba Ilu ya yi a wurinmu ba. Tsohon ɗan kasuwar hatsi ne daga Maigatari. Hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, magana kuma ta ɗauke. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin maza.

A ƙa'idarmu, irin wannan majinyaci kowace safiya ana motsa masa gaɓoɓi, a ba shi abin da zai riƙe don yatsu su farfaɗo. Ni fensir da takarda na ba shi. Kullum abu ɗaya yake ja: layi mai lanƙwasa kamar jinjirin wata a kwance, wani siriri a tsaye a kansa, sai ɗan karce a ƙasa. In ya gama, ya zuba masa ido.

Babban ɗansa ya same ni ya ce, "Sista, a sallame mu kawai. Hankalinsa ya gushe, dubi yadda yake ɓata takarda." Likita ya ce in har babu alamar yana fahimta, ba zai hana su tafiya ba.

Ran Juma'a matarsa, Iya Hauwa, ta zo dubiya. Ta ɗauki takardar, ta daɗe tana kallo.

"'Yar nan, ai kwalekwale ne," in ji ta. "Wannan na tsaye shi ne, da sandar tuƙi. Kafin mu yi aure, a tafkin Chadi yake kamun kifi."

Na sake dubawa. Wallahi sai na ga ruwa shimfiɗe a inda bai zana komai ba, ni da ban taɓa shiga jirgin ruwa ba.

Ta sunkuya kusa da kunnensa. "To Malam, ni ina ka baro ni?"

Ya motsa yatsu, na sa masa fensirin. Da ƙyar ya ja wani gajeren layi a goshin kwalekwalen, ya ɗago ya dube ta. Ta yi dariya tana share ido da mayafi.

Na kirawo likita, ya gani da idonsa, ya ce a ci gaba da motsa masa gaɓoɓi. Ɗan bai ƙara zancen sallama ba. Bayan wasu makonni Baba Ilu ya fita da ƙafarsa, yana dogara sanda.

Shi ya sa nake gaya wa sababbin ma'aikata: in majinyaci ya kasa magana, kada ku yanke cewa ya tafi. Yana nan. Ku nemo wanda ya san shi tun kafin ciwon.